Shin Gwamna Yaron Shugaban Ƙasa Ne? Amsa Kan Rabon Iko Tsakanin Tarayya da Jihohi

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, an koya mana cewa a tsarin tarayya jihohi suna da ikon kansu. An kuma koya mana cewa idan dokar jiha ta yi karo da ta tarayya, ta tarayya ce ke tsayawa. To ina ikon nasu yake? Ashe gwamna ba yaron shugaban ƙasa ba ne da aka yi wa ado da suna? Sannan mene ne ma'anar a ce ƙasa tana bin tsarin mulki?"

Ɗan'uwa, gwamna ba yaron shugaban ƙasa ba ne. Ba shi ya ba shi kujerar ba, kuma ba shi da ikon karɓe ta don ransa ya ɓaci. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, na kuma lura kusan kowane ɗalibi yakan shigo aji da hoto guda a kansa, hoton gidan soja: janar a sama, kanar a ƙasansa, kyaftin a ƙasan kanar, umarni yana gangarowa. Muddin da wannan idon kake kallon tarayya, komai zai zame maka rikici. Amma bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a kanta ta farkon ta hau.

Mallakar kundin tsarin mulki daban, bin tsarin mulki daban. A 1936 Tarayyar Sobiyet ta fitar da kundi mai daɗin karantawa, cike da alƙawarin 'yancin magana da na taro, amma shekara guda bayan haka aka shiga kame da kisan dubban ɗaruruwan mutane a ƙarƙashin Stalin, kundin bai ceci ko mutum ɗaya ba. Birtaniya kuwa har yau ba ta da littafi guda da za ka ɗaga ka ce ga tsarin mulkinta, amma a watan Satumba na 2019 kotun ƙolinta ta ce dakatar da zaman majalisa da Firayim Minista Boris Johnson ya sa aka yi ya saɓa wa doka, washegari majalisa ta koma zama. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina ke nan: shin akwai abin da mai mulki yake son yi, yana da ƙarfin yinsa, doka ta hana shi, ya kuma hanu? Idan akwai, ƙasar tana bin tsarin mulki. Idan babu, takarda ce kawai take da ita.

Tunanin tsoho ne. Tun 1215 manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John sa hatimi a kan yarjejeniyar da ake kira Magna Kata, wadda a ciki ya amince ba za a kama ɗa mai 'yanci ko a ƙwace dukiyarsa ba sai ta hanyar shari'a. Daga irin wannan ne aka samo ƙa'idar da nake ganin ita ce uwar sauran, kuma ina so ka haddace ta: ɗan ƙasa yana da damar yin duk abin da doka ba ta hana shi ba, gwamnati kuwa ba ta da damar yin komai sai abin da doka ta ba ta. Idan jami'i ya tsayar da kai, shi ne zai nuna dokar da ta ba shi izini. Haka shugaban ƙasa, haka majalisa.

To amma wa zai hana mai mulki, alhali shi ke riƙe da bindiga da baitulmali? Amsar da masana suka bayar, musamman Bafaranshen nan Montesquieu a 1748, ita ce kada a tara ikon a hannu ɗaya tun farko. Mai yin doka daban, mai zartar da ita daban, mai yanke hukunci da ita daban. Kuma ba a tsaya ga rabawa ba, sai da aka ba kowane ɓangare abin da zai taka wa ɗan'uwansa burki: shugaba na iya ƙin sa hannu a kan doka, majalisa na iya tsallake shi da rinjayen kashi biyu cikin uku; shi ke naɗa alƙalai da ministoci, majalisar dattawa ke tantance su; shi ke kashe kuɗi, amma sai wanda majalisa ta ware. Kotu kuma tana iya soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki. A Amurka ba a rubuta wannan ikon ƙarara a kundin ba, Alƙalin Alƙalai John Marshall ne ya tabbatar da shi a shari'ar Marbury da Madison a 1803. Ƙasashen da suka zo daga baya sun rubuta abinsu a fili. Sashe na 1 na kundin Najeriya na 1999, alal misali, ya ce duk dokar da ta saɓa masa ba ta da inganci gwargwadon saɓanin. Ƙara haƙƙoƙin ɗan'adam da ko masu rinjaye ba sa iya taɓawa, da zaɓe a kan lokaci, ka sami ginshiƙan ginin.

Tarayya yanka ne na biyu a jikin iko. Yankan farko ya raba shi bisa nau'in aiki. Na biyu ya raba shi bisa sha'ani: wannan na gwamnatin ƙasa ne, wancan na jiha. James Madison, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara kundin Amurka, ya rubuta a 1788 cewa da wannan jama'a suka sami tsaro ninki biyu, domin gwamnatocin biyu za su riƙa tsare juna, kowacce kuma tana tsare da kanta daga ciki.

Yadda aka kai ga wannan dabara yana da amfani ka sani. Bayan samun 'yanci, jihohin Amurka 13 sun fara gwada ƙawance mai sako-sako, wanda ya fara aiki a 1781. Gwamnatin tsakiya ba ta iya karɓar haraji daga kowa, sai dai ta roƙi jihohi, su bayar in sun ga dama. Bashin yaƙi ya taru, jihohi suna ɗora wa kayan junansu haraji. Da wakilai suka taru a Filadelfiya a 1787, ba su rushe jihohi ba, ba su kuma bar tsakiya cikin bara ba. Sun ƙirƙiro gwamnati biyu a kan mutum ɗaya, kowacce tana isa gare shi kai tsaye, kowacce da harajinta da kotunanta da dokokinta, kuma kundi guda ne ya shata iyaka tsakanin ikonsu. Nan ne bambancin yake da ƙasar da tsakiya ce ke ara wa yankuna iko. Majalisar Birtaniya ta kafa wa Ireland ta Arewa majalisa, a 1972 kuma ta dakatar da ita da doka ta yau da kullum, saboda mai abu da abinsa. Majalisar Amurka ba ta da hanyar yi wa majalisar Texas haka, don ba ita ta ba ta ba.

Kowace ƙasa da yadda ta rubuta rabon. Amurka ta lissafa abin da tarayya za ta yi, kamar haraji da buga kuɗi da shelar yaƙi da gidan waya da ciniki tsakanin jihohi, sai gyara na 10 na 1791 ya ce duk abin da ba a ba tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a. Kanada a 1867, wadda ta ga yaƙin basasar da maƙwabciyarta ta gama shekara biyu kafin nan, ta juya abin: ta lissafa na larduna, ta bar ragowar ga tsakiya. Indiya ta yi jeri uku a 1950, na tarayya mai abu 97, na jihohi mai 66, na haɗaka (wanda ɓangarorin biyu ke iya yin doka a kai) mai 47, ragowa ga tsakiya. Najeriya jeri biyu ta rubuta a 1999, keɓantacce na tarayya mai abu 68 da na haɗaka, abin da bai shiga ko ɗaya ba kuma na jihohi ne. Jamus ta ɗauki wata hanya dabam: yawancin manyan dokoki tarayya ke yi, amma jihohi 16 ne ke aiwatar da su da ma'aikatansu, kuma gwamnatocin jihohin da kansu ke zama a majalisa ta biyu ta ƙasa.

Yanzu ga gundarin tambayarka. Gaskiya ne dokar tarayya tana rinjayar ta jiha, kuma dole ne a sami irin wannan ƙa'ida, domin mutum ɗaya ba zai bi umarni biyu masu karo da juna ba. Sai dai waɗanda suka koya maka sun yanke jimlar a tsakiya. Kundin Amurka bai ce duk dokar da majalisar tarayya ta yi ita ce a sama ba. Cewa ya yi dokokin da aka yi bisa tsarin mulkin. Sashe na 4(5) na kundin Najeriya ma dokar da Majalisar Ƙasa ta yi bisa inganci ya ambata, kuma dokar jihar ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai daidai wurin da ta yi karo. Saboda haka tambayar farko da alƙali zai yi ita ce: shin tarayya tana da hurumi a wannan sha'ani tun asali? Idan ba ta da shi, babu maganar rinjaye, domin dokar da aka yi ba tare da hurumi ba, ba doka ba ce, ko da kowane ɗan majalisa ya ɗaga mata hannu.

Ga misali. A 1990 majalisar Amurka ta haramta riƙe bindiga a harabar makaranta. Manufa ce mai kyau, ba wanda ya yi jayayya da wannan. Aka kama wani ɗalibi a Texas da bindiga, aka gurfanar da shi da dokar tarayyar. A 1995, a shari'ar Lopez, kotun ƙoli da alƙalai 5 a kan 4 ta soke dokar, ta ce riƙe bindiga a makaranta ba ciniki tsakanin jihohi ba ne, hukunta irin wannan laifi aikin jiha ne. Shekara biyu bayan haka, a shari'ar Printz, kotun ta ce tarayya ba za ta tilasta wa jami'an tsaron jihohi su yi mata aikin binciken masu sayen bindiga ba. In tana son a yi, ta yi da ma'aikatanta. Kanar ba ya iya ce wa janar haka.

A Najeriya ma an yi makamancin wannan. Jihar Legas ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi 37, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar daga asusun tarayya. A Disamba 2004 kotun ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, ta kuma ce sababbin ƙananan hukumomin ba su kammalu ba sai Majalisar Ƙasa ta yi nata ɓangaren. Ka lura, kowa an nuna masa iyakarsa, kuma wanda ya nuna musu shi ne kundin da ke samansu duka. Sai dai kuma ragowar kuɗin bai fita ba sai a 2007, bayan sauyin gwamnati, abin da ke nuna maka cewa hukuncin kotu yana buƙatar mai mulkin da zai bi shi.

Ba zan ɓoye maka ba, zarginka yana da tushe, kuma a nan nake ganin littattafan aji suna gajarta bayani. A aikace tarayya takan yi ta faɗaɗa, ta ƙofofin da ba a cika kula da su ba.

Ƙofa ta farko kalmomi ne masu miƙewa. Kundin Amurka bai ambaci banki ba ko sau ɗaya, amma ya ba majalisa damar yin duk dokar da ta zama dole kuma ta dace don zartar da ikon da aka lissafa. Da jihar Maryland ta ɗora wa bankin tarayya haraji, Marshall ya yanke a 1819 cewa tarayya tana da ikon kafa bankin, jiha kuma ba za ta ɗora masa haraji ba, domin wanda ke iya ɗora haraji yana iya kashewa. Ban ga laifin wannan hukunci ba. Amma dubi inda hanyar ta kai a 1942. Wani manomi a Ohio, Roscoe Filburn, dokar tarayya ta ƙayyade masa eka 11.1 na alkama, ya shuka 23, ya ce ƙarin don amfanin gonarsa ne, ba zai kai kasuwa ba, balle ya tsallaka wata jiha. Kotun ƙoli baki ɗaya ta ce idan manoma da yawa suka yi haka farashin ƙasa zai motsa, don haka abin ya shiga ciniki tsakanin jihohi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsagar ce yawancin dokokin tarayyar Amurka na ƙwadago da muhalli suka shigo. Abin lura shi ne Kanada, da aka tsara don tsakiya ta yi ƙarfi, fassarar kotuna ta ƙarfafa lardunanta, Amurka kuma da aka tsara don jihohi su yi ƙarfi ta karkata zuwa tsakiya. Wanda ya karanta jerin kawai bai karanta hukunce-hukuncen ba, zai yi kuskuren fahimtar ƙasashen biyu.

Ƙofa ta biyu kuɗi ne, kuma ita ce ta fi damuna. Ƙayyade shekarun sayen giya a Amurka hurumin jihohi ne. A 1984 majalisar tarayya ba ta ba su umarni ba, cewa kawai ta yi duk jihar da ba ta kai shekarun zuwa 21 ba za ta rasa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin gina manyan hanyoyi. Dakota ta Kudu ta kai ƙara, ta faɗi a 1987, zuwa 1988 kowace jiha ta bi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai a 2012 kotun ƙolin Amurka ta ja layi, lokacin da aka yi wa jihohi barazanar rasa dukan tallafin lafiyar marasa galihu in ba su faɗaɗa shirin ba, ta ce wannan ya wuce lallashi ya zama tilas. A Ostireliya tarayya ta karɓe harajin kuɗin shiga daga jihohi a 1942 saboda yaƙi, bai koma hannunsu ba har yau. A Najeriya manyan kuɗaɗen shiga suna taruwa a asusun tarayya, a raba: kashi 52.68 ga tarayya, 26.72 ga jihohi 36, 20.60 ga ƙananan hukumomi 774. Jihar da ba ta iya biyan albashi sai rabon wata ya iso, ikonta yana nan a rubuce, amma da wuya gwamnanta ya ɗaga murya. Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan: gwamnatin da ba daga aljihun mutanenta take ci ba, ba ta jin nauyin yi musu bayani, su ma ba sa jin zafin tambayarta.

Sai ƙarfin tsaro da dokar ta-ɓaci. A Amurka da Jamus da Indiya aikin 'yan sanda na yau da kullum na jihohi ne. Sashe na 214 na kundin Najeriya kuwa ya ce rundunar 'yan sanda guda ce ga ƙasa duka, don haka jiha tana yin dokar laifi amma ba ta da nata mai kamawa. A Indiya sashe na 356 ya ba tsakiya damar karɓe mulkin jiha idan tsarin mulki ya gaza aiki a can, an kuma yi amfani da shi fiye da sau 100, sau da yawa a kan jihohin 'yan adawa, har kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Bommai a 1994 cewa kotu na iya bincikar dalilin, kuma a zauren majalisar jiha ake gwada rinjayen gwamnati.

Kada wannan ya sa ka ɗauka jiha ce kullum mai gaskiya. Kusan shekara ɗari jihohin kudancin Amurka suna fakewa da 'yancin jihohi suna danne baƙaƙen fata, duk da gyara na 14 na 1868 da ya wajabta wa kowace jiha daidaita mutane a gaban doka. A 1954 kotun ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati. A 1957 Gwamna Orval Faubus na Arkansas ya girke dakarun jiharsa don hana yara baƙaƙe tara shiga wata sakandare a Little Rock, sai da Shugaba Eisenhower ya aika sojojin tarayya suka raka su aji. A wannan rana tarayya ce ta tsaya wa mai rauni. A wata ranar jiha ce za ta tsaya masa daga zaluncin tsakiya. Shi ya sa ba na son a mai da wannan muhawara ta zama goyon bayan ɓangare. Don waɗannan yara tara da irinsu aka yi rabon tun farko, don mutum ya sami ƙofa ta biyu da zai buga idan ta farko ta rufe a fuskarsa.

Abin da ke riƙe da rabon shi ne ɓangare ɗaya ba ya iya sauya shi shi kaɗai. A Amurka gyara yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50, shi ya sa gyara 27 kawai aka yi tun 1789. A Najeriya sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda, kuma ta wannan hanya aka mayar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali zuwa jerin haɗaka a Maris 2023, aka kuma buɗe wa jihohi fagen wutar lantarki. Jamus ta wuce nan: kundinta na 1949 ya haramta duk gyaran da zai soke rabuwar ƙasar zuwa jihohi, komai yawan masu goyon baya.

Ga aikin da nake so ka yi kafin ka sake rubuto mini. Ɗauki sha'ani guda, aure, ka bi shi a kundi uku. A Amurka ba za ka same shi a jerin tarayya ba, don haka na jihohi ne. A Kanada za ka tarar aure da saki na tarayya ne, amma yadda ake ɗaura shi na larduna. A Najeriya za ka ga tarayya ta riƙe auren rajista, an cire auren Musulunci da na gargajiya daga hannunta. Sannan ka ɗauki ilimin firamare ka yi masa haka, wannan karon ka ƙara tambayar wa ke biyan malaman.